Iyayena za su zo York bikin yaye mu: ina zan kai su cin abinci a cikin tsohon gari?

Bilkisu (York): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema. In Allah ya yarda a watan Yuli za a yi bikin yaye mu a Jami'ar York, kuma Baba da Umma sun samu biza, za su taso daga Kano su yi kwana tara. Wannan ne zuwansu Ingila na farko. Na shekara a garin nan amma cin abincina a waje bai wuce shagon kaza na halal da ke kusa da masaukinmu ba. Ba na so su zo har su koma ba su zauna ko sau ɗaya a cikin tsohon gari sun ci wani abu a natse ba. Abin da ya cika lungunan cikin ganuwa kuwa iri biyu ne: ƙananan gidajen abincin 'yan Italiya da ɗakunan shan shayi na Turawan Ingila. Kullum sai na wuce ta gabansu a titunan Goodramgate da Fossgate, in leƙa ta gilashi in wuce, ban taɓa sa ƙafa ba. Baba mutum ne mai tsantseni a kan abin da zai kai bakinsa, Umma kuma gwiwa na damun ta. Wanda ya san kan abin ya taimaka mini.

Kawu Lawal (Landan): Wa alaikumus salam. Barka 'yata, Allah ya sa wa karatun albarka, ya kawo su lafiya. Mutanen Yorkshire, yankin da York take, ga ƙanwarku nan, a fito.

Malam Habu (Bradford): Allah ya sanya alheri, Bilkisu. Tawa gajeriya ce. Ki ɗauko su ku hau jirgin ƙasa ku zo Leeds ko Bradford. Leeds ba ta kai rabin awa ba daga wurinku. A nan titi guda za ki samu gidajen abinci sun fi goma, duka yankan Musulmi, ba sai kin tambayi kowa komai ba. Gidan abincin Italiya kuwa tun kafin a kawo miki ruwa an miƙo miki takardar giya. Kuma akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya. Ga naman alade da suke sa wa kusan komai. Me zai sa ki kai dattijo inda zai ci abinci zuciyarsa na ɗar-ɗar?

Anti Rabi (Leeds): Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce kuma ba zan ja da hadisi ba. Amma ka dubi abin da yarinyar nan take so. Ba yunwa take gudun musu ba, ita ma ta iya tuƙa tuwo a ɗakinta. So take iyayenta su ga garin da ta zauna. York ba ƙaramin gari ba ne a tarihi. Rumawa ne suka kafa shi a shekara ta 71, a nan sojoji suka naɗa Constantine sarkin Rumawa a 306, 'yan Viking, mayaƙan arewacin Turai, suka ci shi da yaƙi a 866. Har yau ganuwarsa na tsaye, kusan mil biyu, ana hawa ana zagayawa kyauta. Bakano da ya tashi yana ganin badala da Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa, in ya ga Micklegate Bar da Bootham Bar wallahi sai ya tsaya ya yi ta kallo. Af, Bilkisu, ki riga Baba bayani tun kafin ya karanta allo ya ɓata rai: a York kalmar "Bar" ƙofar gari take nufi, ba mashaya ba, "gate" kuma titi ne, kalmar mutanen Viking ce ta saura.

Shekara 16 ina kai baƙina York. Ki fara da ɗakin shayi, shi ne mai sauƙi. Na Italiya kuma yana yiwuwa, amma sai da sanin abin tambaya.

Issa Ɗan Maraɗi (Brescia): Salamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika magana ba, amma yau an taɓo sana'ata. Shekara tara ina aiki a madafar gidan abinci a nan Italiya, daga wanke kwanuka har na kai ga tsayawa kan wuta. Ƙanwata, abincin mutanen nan ba duka ne haram ba, ba kuma duka ne lafiya ba, kuma ido ba ya rarrabewa.

Ki riƙe sunayen nan a kai, duk alade ne: pancetta, guanciale, prosciutto, speck, salame, mortadella, lardo. Carbonara ta gaskiya da guanciale ake yin ta, wato kumatun alade, haka amatriciana. Miyar bolognese kuwa ko an ce miki ta naman sa ce, a al'ada akwai pancetta a gindinta da giyar inabi a ciki. Wanda ya fi kama mutanenmu shi ne 'nduja. Mu masu son yaji, da ka ga an rubuta cewa abu na da zafi sai ka miƙa hannu. To 'nduja niƙaƙƙen alade ne da barkono, daga yankin Calabria na kudancin Italiya, ja wur kamar dakakken attaruhu, ana ɗiga shi a kan fiza. Na sha ganin ɗan uwa ya ɗauka yaji ne. Haka pepperoni da ake sa wa fiza a Ingila, tsiran alade ne, alhali a nan Italiya peperoni tattasai ne kawai.

Abin da za ku ci hankali kwance: fiza margherita, wadda ba ta wuce tumatir da cukun mozzarella da ganyen basil ba, ko marinara wadda ko cuku babu. Ƙullin fiza irin na Napoli fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, shi ke nan. Ga taliya arrabbiata, tumatir da tafarnuwa da barkono, ita ce mafi kusa da bakinmu. Ga aglio e olio, taliya da man zaitun da tafarnuwa da jan barkono, wadda in kika gan ta sai kin tuna taliyar murji da mai da yaji. Ga gasasshen kifi da dankali.

Bilkisu (York): Kai, Yaya Issa, Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. To risotto fa? Na ga shinkafa ce, na ce ko ita za ta fi dacewa da Umma.

Issa Ɗan Maraɗi (Brescia): A'a ƙanwata, a nan ne ma tarkon yake. Yadda ake yin risotto: a soya albasa, a zuba shinkafa a juya, sai a kwara farar giyar inabi rabin kofi, sannan a riƙa ƙara romo kaɗan-kaɗan. Ko na ganye zalla ne, ko na kifi, haka ake fara shi. In kika tambaya za su ce ai giyar ta ƙone a wuta. Ba ta ƙonewa duka. Amma da yake risotto ana dafa shi ne lokacin da aka nema, mai dafawa zai iya barin giyar in an gaya masa, ni kaina ina yi wa mutane. Sai dai ki kuma tambayi romon, na kaza ne ko na ganye. Kuma ban tsammanin Umma za ta so shi, shinkafa ce mai danƙo, a caɓe, tsakiyarta da ɗan tauri. Mutanenmu sukan ce ba ta dahu ba kuma ta yi ruwa.

Sadiya (Manchester): Ni dai ina bayan Malam Habu, kuma ba da ka nake magana ba, ya faru da ni. Bara muka je wani tsohon gari da ƙawata, ana ruwa, muka faɗa wani ɗan gidan abincin Italiya mai tebur bakwai ko takwas. Na ga miyar wake da gutsattsarin taliya a jerin abincin. Na tambayi yaron da ke kawo abinci, akwai nama a ciki? Ya ce babu, wake ne da kayan lambu. Aka kawo, zafi na tashi, ga daɗi, na sha fiye da rabi. Ina kai cokali ƙasan kwano sai ga wani ɗan yanki mai kusurwa huɗu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, gefe ɗaya fari gefe ɗaya ja-ja. Jikina ya yi sanyi. Na ajiye shi a bakin faranti na kira yaron. Ya duba ya ce, ai wannan pancetta ce kawai, don ɗanɗano. Kawai! Na shiga banɗaki na yi ta kurkure baki ina hawaye. Matar da ke da wurin, tsohuwa, ta fito da kanta ta ba ni haƙuri, ta ƙi karɓar kuɗi, amma abin da ya shiga ciki ya shiga. Tun ranar ban sake ba. Ki yi tunanin a ce mahaifinki ne ya tsinci wannan a cokalinsa.

Malam Habu (Bradford): To kun ji. Babu laifi a kanki Sadiya, kin tambaya, kuma Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba. Amma abin da nake gudu ke nan.

Issa Ɗan Maraɗi (Brescia): Sannu 'yar uwa, abin da ciwo. Amma ku bar ni in faɗi abin da ya faru a wurin, don na san shi daga ciki. Yaron nan ba ƙarya ya yi miki ba a ganinsa. A wurin Ba'italiye "nama" shi ne tsokar da aka ɗora a faranti. Pancetta da aka soya da albasa a gindin tukunya ba ya lissafa ta a nama, kayan miya ce, kamar yadda in baƙo ya tambayi uwargida a gida ko akwai kifi a miyar kuka za ta ce babu, alhali ta daka ɗan busasshen kifi tare da daddawa. Saboda haka "akwai nama?" ba tambaya ba ce. Tambaya ita ce: da me aka fara soya miyar, akwai wani abu na alade ko kitsensa, an sa giya, romon na mene ne? Kuma ba yaron da ke yawo da faranti ake tambaya ba, wataƙila ɗalibi ne da ya fara aiki makon jiya. A ce ya je ya tambayo mai dafawa.

Nan ne ƙaramin gida ya fi babba. A ƙaramin gida mai wurin yana bayan labule, shi ya sayo kayan da safe, shi ya dafa. Zai iya ce miki wannan kar ki ci, bari in yi miki wancan a kasko mai tsabta. Miya da wake da aka dafa tun safe a babbar tukunya su ne ba su gyaruwa. Abin da ake dafawa nan take shi ne naku.

Injiniya Musa (Sheffield): Malam Issa, a nan zan ɗan saɓa maka. Manyan gidajen da ke da rassa ko'ina suna da littafin da aka rubuta abin da ke cikin kowane abinci, kana nema za a ba ka. Ƙaramin gida kuwa da bakin mutum za ka dogara, in ya manta shi ke nan. Sai dai a lura: dokar Birtaniya ta wajabta bayyana abubuwa 14 ne masu tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, riɗi, alkama. Alade da giya ba sa cikin jerin. Don haka littafin ma ba zai ce maka "akwai alade" kai tsaye ba. Kuma alamar V da ake sa wa abincin marasa cin nama tana kore nama ne, ba ta kore giya. Sannan Bilkisu, ki duba koren tambarin tsabta da ake liƙawa a ƙofa, daga 0 zuwa 5 yake. Ni ƙasa da 4 ba na shiga da iyali.

Issa Ɗan Maraɗi (Brescia): Gaskiya ne Injiniya, littafi ba ya mantuwa. Amma a babban gida miyar a leda take zuwa daga masana'anta, ba wanda zai iya cire miki komai daga ciki. Kowanne da nasa.

Saura kayan zaƙi, kar a tsallake rijiya a faɗa a nan. Tiramisu sau da yawa akwai giyar marsala ko wata a ciki. Panna cotta da gelatin ake daskarar da ita, shi kuma galibi daga fatar alade yake. Kuma in kun gama, mai gida na iya kawo muku wani ruwa rawaya a 'yan ƙananan kofuna, kyauta, don karramawa. Limoncello ne, giya ce mai ƙarfi, ba lemo ba. A yi godiya a mayar.

Sadiya (Manchester): To cukun da suke barbaɗawa a kan taliya fa? Na ji an ce shi ma akwai magana.

Malam Habu (Bradford): Akwai, kuma amana ce in faɗe ta yadda take ko da ba ta ƙarfafa ra'ayina ba. Cukun Parmigiano da ɗan uwansa Grana Padano, ƙa'idar yin su ita ce a ɗaure madarar da wani sinadari da ake cirowa daga tumbin ɗan maraƙi. Maraƙin kuwa ba yankan Musulmi ba ne. Malamai sun yi saɓani tun da can. A mazhabarmu ta Malikiyya da ta Shafi'iyya, abin da aka ciro daga mushe najasa ne. Imam Abu Hanifa yana ganin wannan sinadarin mai tsarki ne, Ibn Taimiyya ma ya rinjayar da haka, yana kafa hujja da cewa Sahabbai sun ci cukun Majusawa lokacin da suka shiga Iraƙi. Don haka wanda ya ci ba za a ce ya ci haram yankan shakku ba, wanda ya bari kuma ya fita daga saɓani. Mai sauƙi ne: a ce kada a barbaɗa.

Issa Ɗan Maraɗi (Brescia): Allah ya ƙara ilimi Malam. Mu ma a Nijar cukun da Buzaye da Fulani ke yi da tumbin ɗan akuya ko ɗan rago ake ɗaure shi, bambancin kawai namu yankakke ne.

Anti Rabi (Leeds): To bari in dawo da mu kan shayi, don an bar shi a baya kuma ni a nan zuciyata take.

Bilkisu, abin da suke kira shayin la'asar ba kofi ɗaya da biskit ba ne, zama ne. Ana danganta fara shi ga wata matar sarauta, Anna ta Bedford, wajen 1840, wadda yunwa ke kama ta tsakanin abincin rana da na dare. Za a kawo muku butar shayi, da wata butar ta ruwan zafi don ƙari, da ɗan tulun madara mai sanyi, da 'yar mataci da ake ɗorawa a bakin kofi saboda ganyen a sake yake. Sai wani faranti mai hawa uku. Na ƙasa yankakken burodi ne da aka cire ɓawon gefensa, an sa kokwamba ko ƙwai ko kifin salmon a tsaka. Na tsakiya scone ne, wani dunƙulen burodi mai ɗumi da ake tsagawa biyu a shafa jam da kirim mai kauri kamar man shanun da bai narke ba. Na sama ƙananan kek. Daga ƙasa ake farawa a hau.

Abin lura kaɗan ne. A cikin burodin ƙasa kusan kullum akwai na naman alade, don haka tun wajen yin oda ki ce na marasa cin nama kuke so, ko na kifi, kuma kada a jera su a faranti ɗaya da na nama. Kek mai busassun 'ya'yan itace wani lokaci ana jiƙa shi da barasa, a tambaya. In aka ce ko za a haɗa da prosecco, giya ce, a ce a'a. Ki nemi parkin in suna da shi, kek ne na Yorkshire mai citta da baƙar madi, na tabbata zai yi wa Baba, amma ki tambaya da bota aka yi ko da kitse.

Ɗakin shayin da kowa ya sani shi ne Bettys da ke dandalin St Helen. Wani ɗan ƙasar Suwizalan, Frederick Belmont, ya kafa na farko a Harrogate a 1919, ya buɗe na York a 1937 bayan ya yi tafiya a jirgin ruwan Queen Mary ya ga adon cikinsa, ya sa aka yi masa irinsa. A ƙasan ginin akwai madubin da sojojin sama na Yaƙin Duniya na Biyu suka karce sunayensu a jiki, yana nan har yau. Suna da wani babban scone da suke kira Fat Rascal, an yi masa ido da cherry da haƙora da almond. Kamfaninsu ɗaya da masu ganyen Yorkshire Tea. Layi kan yi tsawo a ƙofa lokacin bazara saboda farin jininsa, to saboda gwiwar Umma ki kama wuri tun kafin ranar.

Amma ni in don son raina ne, ƙananan da ke lunguna na fi so, masu tebur biyar, kofuna kowanne da irin furensa, matar da ta gasa kek ɗin ita ce za ta kawo miki. Matsalarsu ɗaya: gine-ginen tsofaffi ne ƙwarai, wasu sun haura shekara 400. Matakala a tsaye take kamar tsani, ga ƙunci, banɗaki kuma sau da yawa a sama yake. Ki je da ƙafarki ki gani kafin ki kai Umma. Kuma yawancinsu biyar na yamma sun rufe.

Kawu Lawal (Landan): Rabi kin tuna mini wani abu. Masallacin York da ke Bull Lane, ai da shayi ya yi suna a duniya. A watan Mayun 2013, bayan kisan wani sojan Birtaniya a unguwar Woolwich ta Landan, 'yan ƙungiyar EDL masu adawa da Musulunci suka ce za su yi zanga-zanga a ƙofarsa. Da 'yan kaɗan ɗin suka iso sai jama'ar masallaci suka fito musu da shayi da biskit, aka yi ta magana, har aka ƙare da buga ƙwallo tare. Babban limamin cocin York na lokacin, John Sentamu, haifaffen Yuganda, ya yaba musu a fili. 'Yata ki kai Alhaji ya yi salla a can ki ba shi labarin. Tsakanin jami'arku da cikin gari yake.

Injiniya Musa (Sheffield): Maganar kuɗi da lokaci. Ki duba ƙasan takardar kuɗi, wasu na ƙara kashi 10 ko 12.5 cikin ɗari na hidima. In sun ƙara ba sai kin sake ba da wani abu ba, kuma tun Oktoban 2024 doka ta ce kuɗin nan na ma'aikata ne gaba ɗaya. Ruwan famfo kyauta ne, amma sai kin ce na famfo, in ba haka ba na kwalba za a kawo. Ki guji daren Juma'a da Asabar, musamman ranar da ake sukuwar dawaki a Knavesmire, gari kan cika da 'yan shaye-shaye tun la'asar. Talata ko Laraba da rana, ko ƙarfe biyar da rabi da sun buɗe na yamma, wurin shiru ne. A Yuli magariba sai wajen tara da rabi, kuna da sarari.

Malam Habu (Bradford): Na ji hujjojin kowa. Shayin ba ni da ta cewa a kansa. Na Italiya har yanzu ni ba zan kai mahaifina ba, don ko teburinka babu giya kana kallon ta a na kusa da kai. Amma Bilkisu, abu ɗaya nake roƙo: kada ki yanke wa Alhaji hukunci. Ki gaya masa komai yadda yake, cewa ana sayar da giya a wurin, ana dafa alade a madafar, ga kuma abin da kika bincika. In ya ce a je, a je. In ya yi shiru, kin san amsar dattijo.

Bilkisu (York): Na gode Malam, haka zan yi insha Allahu. Jiya da rana na yi ƙarfin hali na shiga guda uku. Na farko yarinyar ta ce komai na cikin takarda, ba ta je ta tambayo ba, na yi godiya na fita. Na biyu matakala ce tun daga ƙofa. Na ukun wani dattijo ne ɗan tsibirin Sisili na Italiya da matarsa, tebur tara, duka a ƙasa. Da na fara jero tambayoyin Yaya Issa sai ya ajiye tsumman hannunsa ya jawo kujera ya zauna. Ya ɗauki biro ya bi jerin abincin yana soke wasu da kansa, har da wata miyar tumatir da ban zata ba, ya ce da giya ya fara ta. Ya ce a garinsu couscous da kifi ake ci, abincin da Larabawa suka bar musu, don haka ba yau ya fara ciyar da Musulmi ba. Ya ce in zo da su ranar Laraba ƙarfe goma sha biyu da rabi kafin mutane su taru, zai ba mu teburin taga ya kwashe kofunan giya.

Anti Rabi (Leeds): Alhamdu lillahi. Ki sa ɗan yajinki a jaka, ba wanda zai hana ki. Kuma ki ce a dafa wa su Baba taliyar ta yi laushi sosai.

Bilkisu (York): Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda ya kamata. An yi biki lafiya, na gode da addu'o'inku.

Na gaya wa Baba komai kamar yadda Malam Habu ya ce, a daren da suka sauka. Ya yi shiru har na cire rai, sannan ya tambaya, mutumin da kansa ya soke abin da ba za mu ci ba? Na ce e. Ya ce to wanda ya rage wa kansa ciniki don ya gaya maka gaskiya, a je a gaishe shi.

Ranar Laraba muka fara da Shambles, tsohon layin mahauta, inda benaye suka sunkuyo har suna neman haɗa goshi. Baba ya hango ƙugiyoyin rataye nama da suka saura a saman tagogi tun kafin in nuna masa, ya ce wannan ai 'yan nama ne. Ganuwa shi kaɗai ya hau tare da ni, daga Bootham Bar zuwa Monk Bar, Umma ta jira mu a benci. Yana tafe yana shafa dutsen, bai ce komai ba sai da muka sauko, ya ce ina ma an riƙe badala haka.

A gidan abincin dattijon ya fito da kansa ya yi wa Baba hannu biyu. Baba ya ci gasasshen kifi da dankali, ya ƙi cuku. Umma ta ci arrabbiata, ta zazzaga yajin da na kawo, matar mai gidan ta ga haka ta nemi ta ɗanɗana a fatar burodi, ta yi tari, ta sha ruwa, sannan ta sake miƙo burodin. Umma ta bar mata kwalbar gaba ɗaya. Zan faɗi gaskiya saboda Malam: wajen ƙarfe ɗaya da kwata wasu suka zauna kusa da mu aka kawo musu kwalba, Baba ya gyara kujerarsa ya ba su baya, bai ƙara minti goma ba ya ce mu tashi. Bai yi faɗa ba, amma na ga abin a fuskarsa.

Shayin kuwa washegari muka je, wani ƙarami da Anti Rabi ta kwatanta mini. Umma ta zauna kusan awa biyu ba ta ce gwiwa ba. Baba ya ce shayin ba shi da kauri, sai da aka ƙara ganye aka bar shi ya jiƙu, ya sa sukari cokali uku. Parkin ya cinye nasa ya sa aka naɗe masa guda huɗu na tsaraba, wai zai kai wa abokan zamansa na majalisa su ci da shayin Malam mai shayin ƙofar gida.

Malam Habu (Bradford): Masha Allah, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Na gode da kika faɗi duka ba ki ɓoye na kujerar ba. Saura kwana nawa su tafi? In Juma'a za ta same su a nan, ku hau jirgin safe ku zo Bradford, in tare ku a tasha mu yi salla tare. Uwargida ta ce tuwon shinkafa ne da miyar taushe, kuma ki tambayi Umma ko tana cin man shanu.